Amanar Wasiƙa a Kan Layi: Izini na Tilas a Uwar Garken Imel



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne tsaron wasiƙun da ake aikawa ta kwamfuta, wato imel. To, fagen nan yana da faɗi ƙwarai, ba zai yiwu a ratsa shi duka a zama guda ba. Saboda haka zan tsaya a kan wani lungu wanda ba a cika kula da shi ba, wato wurin da wasiƙa ke zama tana jira bayan ta bar hannun mai aikawa, kafin ta isa hannun mai karɓa. Masu sana'ar suna kiran wurin nan layin wasiƙu. Tambayar da nake so mu bi diddiginta ita ce: wane ne ke da izinin taɓa wasiƙar da ke kan layi, kuma wa ya ba shi izinin?

Yawancinmu muna zaton da zarar an danna maɓallin aikawa, saƙo ya tashi ke nan kai tsaye zuwa ga mai shi. Ba haka abin yake ba. Saƙon yana fara sauka ne a wata babbar kwamfuta da ake kira uwar garken wasiƙu, ita kuwa sai ta rubuta shi a faifanta a matsayin fayil, sannan ta nemi uwar garken mai karɓa. Ka'idar da kwamfutoci ke bi wajen wannan miƙe-miƙe ana kiranta SMTP, Jon Postel ne ya rubuta ta a shekarar 1982, aka kuma sabunta ta a 2001 da 2008. Bisa ga wannan ƙa'ida, in uwar garke ta amsa da lamba 250 bayan an gama miƙa mata saƙo, to ta ɗauki amanarsa ke nan, ba ta da damar yar da shi don wani ƙaramin dalili. In ta nemi ɗaya ɓangaren ba ta same shi ba, sai ta ajiye wasiƙar ta riƙa sake gwadawa, galibi har kwana 4 ko 5, kafin ta mayar wa mai aikawa da labarin cewa abin ya faskara.

Ku duba irin abubuwan da ke kwana a wannan layi: takardar ɗaukar aiki, sakamakon jarrabawa, farashin da 'yan kwangila suka bayar, bayanin likita, da saƙon nan da ake aiko wa mutum don ya canja kalmar sirrinsa. Ko da an lulluɓe saƙo da ɓoyayyen rubutu lokacin da yake tafiya a waya tsakanin kwamfuta da kwamfuta, yawanci a buɗe yake zama cikin fayil ɗin layi, sai fa in mai aikawa ya kulle shi da kansa tun daga tushe. Wanda duk ya sami hanyar shiga layin zai iya karantawa, ya canja, ya share, ko ya cusa wasiƙar jabu da sunan hukuma.

Izini iri biyu

Kafin mu ci gaba ya kamata mu rarrabe tsakanin izini iri biyu. Ma'aikatan da ke cikinmu sun san bambancin da ke tsakanin takardar da mutum ya mallaka da fayil ɗin da aka buga wa hatimin sirri. Takardarka taka ce, kana iya nuna wa wanda ka ga dama. Amma fayil ɗin sirri, ko da a kan teburinka yake, ko da kai ka rubuta abin da ke ciki, ba ka da ikon miƙa wa wanda hukuma ba ta yarda ya gani ba. A Nijeriya akwai dokar kiyaye asirin gwamnati tun 1962 da ke tsaye bayan wannan hani. Na farkon shi ne izinin ganin dama, na biyun shi ne izini na tilas.

Babbar manhajar Unix, wadda aka fara a 1969, da Linux da ta bi sawunta a 1991, a kan izinin ganin dama aka gina su. Kowane fayil yana da mai shi, mai shi kuwa shi ke faɗin wanda zai karanta da wanda zai rubuta. Har ila yau akwai wani babban asusu mai suna root, wanda lambarsa 0 ce, kuma kusan babu ƙofar da ke rufe a gabansa. Matsalar tsarin nan ita ce, duk manhajar da mutum ya tayar tana gadon ikonsa gaba ɗaya. In manhajar tana da ɓaraka, wani ya yaudare ta daga nesa, to ikon nan duka ya koma hannun mayaudarin, kwamfuta kuwa ba ta da hanyar gane cewa hannu ya canja.

Izini na tilas ya samo asali ne daga bukatar sojojin Amurka na su ajiye bayanai masu darajar sirri daban-daban a kwamfuta ɗaya. A 1972 James Anderson ya rubuta wa rundunar sojojin saman ƙasar rahoto inda ya bayyana cewa dole a sami mai gadi guda a cikin babbar manhaja, wanda za a bi ta kansa a kowace taɓawa, wanda ba a iya yi masa kutse, wanda kuma bai yi girman da za a kasa bincika shi ba. A 1973 David Bell da Leonard LaPadula suka tsara dokar a lissafe: na ƙasa ba ya karanta sirrin da ya fi matsayinsa, na sama kuma ba ya rubuta abin da ya sani a wurin da na ƙasa zai gani. A 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka jera wasu shika-shikan tsaro, cikinsu har da wanda ya fi shafar maganarmu ta yau, wato kada a ba kowane mai aiki ikon da ya wuce abin da aikinsa ke bukata. A 1983 ma'aikatar tsaron Amurka ta fito da ma'aunin auna amincin kwamfutoci, inda ta sa izini na tilas ya zama sharaɗi daga matakin B1 zuwa sama.

Darasin Sendmail

Me ya sa uwar garken wasiƙu ta fi sauran bukatar irin wannan tsaro? Dalili shi ne aikinta ya haɗa abubuwa biyu da ba sa jituwa. Na farko, dole ta saurari kowane baƙo daga ko'ina a duniya ta ƙofa mai lamba 25, domin wasiƙa ba ta neman izini kafin ta zo. Na biyu, tana bukatar iko babba: a tsarin Unix na asali root kaɗai ke iya buɗe ƙofar da lambarta ba ta kai 1024 ba, kuma sai da ikon root ake iya zuba wasiƙa a akwatin kowane mutum da sunansa.

Manhajar Sendmail, wadda Eric Allman ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a farkon shekarun 1980, ta haɗa ayyukan nan duka a jiki ɗaya. Ita ke sauraron baƙo, ita ke riƙe da layi, ita ke rabon wasiƙu, kuma da ikon root take yawo. Ranar 2 ga Nuwamba 1988 wani ɗalibin Jami'ar Konel, Robert Morris, ya saki wata tsutsar manhaja mai yaɗa kanta. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ta bi shi ne wani umarnin gwaji mai suna DEBUG da aka bari a buɗe cikin Sendmail, wanda ke ba baƙo damar sa kwamfuta ta aiwatar da umarninsa maimakon ta ajiye wasiƙa. An ƙiyasta cewa kwamfutoci kimanin 6,000 ne suka kamu, wato wajen kashi 10 cikin 100 na waɗanda ke haɗe da intanet a lokacin. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin lura a nan shi ne, bayan bangon babu wani shinge na biyu.

Kada a ce wannan tsohon labari ne. A watan Yuni na 2019 kamfanin Qualys ya bayyana wata ɓaraka a manhajar Exim, wadda Philip Hazel ya fara rubutawa a Jami'ar Kambirij ta Ingila a 1995. Ɓarakar tana cikin sashen da ke isar da wasiƙa ne, kuma ta shafi fitowa ta 4.87 zuwa 4.91. Da adireshin mai karɓa wanda aka ƙulla shi da wayo, maƙetaci na iya sa uwar garke ta aiwatar da umarninsa da ikon root. A watan Mayu na 2020 hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta yi gargaɗi cewa wata ƙungiyar kutse ta sojojin Rasha tana amfani da wannan ɓaraka tun aƙalla Agusta na 2019.

Raba aiki

Maganin farko da masana suka kawo shi ne raba aikin gida-gida. Daniel Bernstein ya yi haka da qmail a tsakiyar shekarun 1990, sannan Wietse Venema, ɗan ƙasar Holan da a lokacin yake aiki a cibiyar binciken IBM, ya fito da Postfix a Disamba na 1998. Zan yi misali da Postfix domin tsarinta a fili yake.

A Postfix akwai ƙananan manhajoji da dama, bari mu kira su 'yan aiki, kowane da nasa aikin. Akwai master, wanda ke tayar da sauran. Akwai smtpd, mai tsaron ƙofa, shi ke magana da baƙi. Abin da ya karɓa sai ya miƙa wa cleanup, wanda ke gyara adireshi da kan wasiƙa, ya rubuta ta a aljihun da ake kira incoming. Daga nan sai qmgr, wato mai kula da layi, ya ɗauko ta zuwa aljihun active, wanda a saitin asali ba ya ɗaukar fiye da wasiƙa 20,000 a lokaci guda. Shi qmgr ba ya kai wasiƙa da kansa, kuma ba ya magana da duniyar waje. Yana duba bayan ambulan ne kawai, ya umarci smtp ya kai ta wata uwar garke, ko local ya zuba ta a akwatin mutumin gida. In an kasa, sai a mayar da ita aljihun deferred, a jira daƙiƙa 300, a riƙa tsawaita jiran har ya kai daƙiƙa 4,000, a ci gaba da gwadawa har kwana 5. Wasiƙar da aka rubuta daga cikin kwamfutar kanta kuwa, postdrop ne ke ajiye ta a aljihun maildrop, sannan pickup ya ɗauka.

Tsarin nan ya rage haɗari ƙwarai, amma fa akwai inda ya tsaya. Yawancin 'yan aikin nan da asusu ɗaya suke aiki, mai suna postfix, kuma shi ne mai fayilolin layin. A idon izinin ganin dama, mai tsaron ƙofa da mai kula da layi mutum ɗaya ne. Daɗin daɗawa, master da local har yanzu suna bukatar ikon root. A nan ne izini na tilas ke shigowa.

Tambari da rukuni

A Disamba na 2000 hukumar NSA ta saki SELinux a fili, bisa wani bincike da ta yi tare da Jami'ar Yuta da kamfanin Secure Computing. An shigar da shi zuciyar Linux a 2003, Red Hat ta fito da shi a kunne cikin manhajarta ta kamfanoni a 2005, kuma tun fitowa ta 5.0 a 2014 wayoyin Android ke aiki da shi gaba ɗaya. Watau mai irin wannan waya a aljihunsa yana ɗauke da izini na tilas ko bai sani ba. Akwai kuma AppArmor, wanda Ubuntu ke amfani da shi, shi yana bin sunan hanyar fayil ne maimakon tambari.

Yadda SELinux ke aiki shi ne, ana liƙa wa kowane abu tambari: kowane fayil, kowace ƙofa, kowane ɗan aiki. A cikin tambarin akwai rukuni. Alal misali, fayilolin layi suna rukunin postfix_spool_t, aljihun maildrop yana da nasa daban, postfix_spool_maildrop_t, akwatunan jama'a suna mail_spool_t, ƙofofi 25 da 465 da 587 kuma suna smtp_port_t. Lokacin da master ya tayar da fayil ɗin manhajar qmgr, zuciyar Linux tana duba tambarin fayil ɗin, ta sa sabon ɗan aikin cikin rukunin postfix_qmgr_t. Ba shi ya zaɓi rukunin ba, ba ya kuma iya fita daga ciki don ganin damarsa.

Sai kuma kundin ƙa'idoji, wanda ke jera abin da aka halatta: rukuni kaza yana iya karanta rukuni kaza, yana iya rubutawa a kaza. Abubuwa uku ne ya kamata ku riƙe game da wannan kundi. Na ɗaya, duk abin da ba a rubuta an halatta ba, to an hana shi. Na biyu, ana duba shi ne bayan izinin ganin dama, saboda haka sai duka biyun sun yarda kafin a taɓa fayil. Na uku, ba ruwansa da root. Ɗan aikin da ke da lamba 0 amma yana cikin rukunin da aka killace, iyakarsa abin da kundi ya ba rukunin.

Ga amfanin abin a aikace. A ce wani ya sami ɓaraka ya mallake qmgr. Aikin qmgr shi ne ya karanta fayilolin layi, ya matsar da su daga aljihu zuwa aljihu, ya yi magana da 'yan'uwansa. Bai da wata hulɗa da fayil ɗin kalmomin sirrin ma'aikata, ko shafukan intanet na hukuma, ko manhajojin kwamfutar da zai canja don ya kafa wa kansa ƙofar baya. Da ya miƙa hannu wajen waɗannan sai zuciyar Linux ta ƙi, ta kuma rubuta ƙin a kundin bincike. Haka nan ta ɗaya gefen: kundin yana kare layin daga maƙwabta. A tsarin Red Hat akwai wani makunni mai suna httpd_can_sendmail wanda a kashe yake zuwa, ma'anarsa uwar garken shafukan intanet ba ta da izinin cusa wasiƙa sai mai kula ya kunna da gangan. Wannan yana toshe hanyar da masu kutse suka saba bi, wato su shiga ta wani tsohon shafi su mayar da kwamfutar hukuma injin watsa wasiƙun damfara.

Inda ake yin sake

Abin takaici shi ne, a wurare da yawa mai kula da kwamfuta ne da kansa ke kashe tsaron. Yadda abin ke faruwa sananne ne. Faifai ya cika, sai a sa sabo, a kwashe layin wasiƙu zuwa can. Sabon wurin bai da tambarin da kundi ya sani, saboda haka aka hana qmgr taɓa fayilolinsa, wasiƙu suka tsaya cik, oga yana waya. Ko kuma an umarci Postfix ta saurari wata ƙofa daban, kamar 2525, wadda ba ta cikin rukunin ƙofofin wasiƙa. Cikin gaggawa sai a buga setenforce 0, komai ya tashi, a ce an gyara. Alhali kuwa an sallami mai gadi ne don ya tambayi katin shaida.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya. Da farko a karanta kundin bincike da umarnin ausearch, a ga wane rukuni ne aka hana, kuma me ya nema. In tambari ne ya ɓace, a sanar da tsarin sabon wurin da semanage, sannan a gyara tambura da restorecon. In ƙofa ce, a shigar da lambarta rukunin smtp_port_t. In har ba a gane matsalar ba, ana iya sassauta wa rukuni ɗaya kaɗai na ɗan lokaci, a bar sauran a killace. Akwai kuma umarnin audit2allow, wanda ke mayar da ƙin da aka rubuta ya zama sabuwar ƙa'idar halattawa. Sai a yi hattara da shi, domin bai san bambancin bukata ta gaskiya da yunƙurin ɓarawo ba. Wanda ya amince da duk abin da ya fitar ba tare da karantawa ba, yana iya ba kura ajiyar nama da hannunsa.

Iyakar abin

Wajibi ne a faɗi inda wannan tsaro ya tsaya. Ba ya toshe ɓaraka, rage ɓarnarta kawai yake yi, saboda haka sabunta manhaja yana nan a kan wuyan mai kula. Ɗan aikin da aikinsa shi ne taɓa layi, in an mallake shi, layin yana cikin haɗari ko da sauran kwamfutar ta tsira. Kundin da ke zuwa tare da manhaja an rubuta shi ne don ya dace da ma'aikatu iri-iri, don haka sau da yawa ya fi abin da wuri ɗaya ke bukata sassauci, kuma mai son ya san ainihin abin da aka halatta sai ya tambayi kundin da umarnin sesearch. Mai gadin kansa a cikin zuciyar Linux yake zaune, in aka sami ɓaraka a zuciyar, kamar wadda aka gano a 2016 aka sa mata suna Dirty COW, to ƙasar da yake tsaye a kai ce ta girgiza. Kuma babu kundin da zai hana ma'aikaci miƙa kalmar sirrinsa ga wanda ya yaudare shi da wasiƙar ƙarya.

Wasu suna tambaya, yaya za a amince da abin da ya fito daga hukumar leƙen asiri, musamman bayan tonon asirin da Edward Snowden ya yi a 2013? Tambaya ce mai ma'ana. Amsar ita ce rubutun manhajar a buɗe yake ga kowa fiye da shekara 20, masana daga ƙasashe da kamfanoni daban-daban ne ke dubawa da gyarawa, kuma aikinsa ƙara hani ne a kan izinin da ke akwai, ba ya buɗe abin da izinin ganin dama ya rufe.

Abin da ya rage gare ku

'Yan'uwa ɗalibai, mai son ƙwarewa a wannan fanni ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Linux da Postfix kyauta ne, tsohuwar kwamfuta ta isa. Ku kafa uwar garke ta gwaji, ku ɓata tambarin layi da gangan, ku karanta abin da kundin bincike ya rubuta, ku gyara ba tare da kashe tsaron ba. Wanda ya yi haka sau biyu ko uku ya fi wanda ya haddace sunaye fahimta.

Ku kuma ma'aikata, ko da ba ku ne ke taɓa kwamfutar ba, ku ne za ku rubuta sharuɗɗan kwangila, ku ne za ku sa hannu a takardar karɓar aiki. Dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma wajabta sanar da hukumar da ke kula da dokar cikin awa 72 in an sami kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Saboda haka kuna da damar yin tambayoyi uku ga duk wanda ya kafa muku uwar garken wasiƙu. Shin izini na tilas a kunne yake, yana hanawa, ko kuwa rubutawa kawai yake yi? Waɗanne ƙa'idoji aka ƙara bayan kafawa, kuma don me? Wa ke karanta kundin bincike, sau nawa a mako? In amsa ta zo a fili kuma a rubuce, to an kama hanya. In kuwa aka ce an kashe shi don yana hana aiki, to kada ku sa hannu sai an kunna an gyara.

 Wanda ke da tambaya, fili nasa ne.